Yadda Na Kai Kunnena Awo Damagaram

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A masallaci, a kasuwar Roni, har a bakin dispensare, mutum zai zo riƙe da ciki amma bakinsa na tambaya: "Malam Garba, yaya ƙasar Faransa? Wai da gaske an sa maka waya a ka?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura kowa na ƙara wa labarin nasa gishirin, har na ji a Gwiwa ana cewa an buɗe mini kai an leƙa. To ga shi a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Karatuna a aji huɗu na elementare ya tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo mini da shi.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni daga gida, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Shekara ashirin da biyu ina aiki a dispensaren En'e, wato hukumar gargajiya, kuma abin da aka san ni da shi wankin kunne ne. Daga Gwiwa ake zuwa, daga Achilafiya ake zuwa. In sa wa mutum man gyaɗa mai ɗumi kwana uku, ranar ta huɗu in ɗauko sirinjina na ƙarfe, mai girman ƙaramar taɓarya, in cika shi da ruwan ɗumi in harba. Na fitar da wake, na fitar da kan ashana, na fitar da kyankyaso da ƙafafunsa cif. Ba wanda ya taɓa tambayata takarda.

A zamanin En'e muna da ladabinmu. Babba ba a ce masa a'a. In ya ba da umarnin da ba zai yiwu ba, sai ka rusuna ka ce, "To, ranka ya daɗe," ka koma ka ci gaba da abin da kake yi. In ya dawo ya tambaya, ka ce, "Ashe haka aka ce? Kunne ne bai ɗauka ba." Shi ya san ka ji, kai ka san ya sani, ba wanda ya ji kunya. Da haka muka zauna lafiya da manya shekara da shekaru.

Sai kuɗin mai ya zo, aka rushe En'e, aka mayar da mu ƙarƙashin sabon tsari. Aka turo mana sufeton lafiya, Aminu, sa'an ɗana na fari, da babur ja da biro uku a aljihu. Ya zo da dokoki. A sa hannu a littafi ƙarfe bakwai da rabi. Kowane majinyaci a buɗe masa kati. Kowa a cikinmu da yadda ya bi da abin. Tabawa ungozoma ta haddace kalmar Turanci guda biyu tana jefa masa ko me ya ce. Ɗanlami mai ɗaurin miki ya sayi agogon hannu wanda ba ya tafiya, yana dubawa duk sanda sufeto ya shigo. Ni kuwa dokar da ta shafe ni ita ce wannan: kada in ƙara harba sirinji sai na leƙa kunne da wata 'yar tocila da ya kawo, in na ga dodon kunne ya huje ko yana ruwa, in tura mutum Kazaure.

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na jefa tocilar a durowa.

Ya dawo ya faɗa, na ce kunne ne bai ɗauka ba. Ya sake dawowa, na sake faɗa. Sau uku. Ni ina masa ladabi irin na iyayenmu, ashe shi rubutawa yake. Bayan sati biyu takarda ta zo: an lura ma'aikaci Garba ba ya ji. Ko dai ya kawo shaidar awon kunne kafin ƙarshen wata, ko a yi masa ritaya.

Ku duba ramin da na faɗa. In na ce ban ji ba, ritaya, ga 'ya'ya bakwai, kuma gonata ba ta ciyar da ko akuya. In na ce na ji na ƙi, wannan kora ce tsirara. Saura hanya ɗaya: in kawo takardar da ta ce ina ji, a rufe maganar kurunta, sauran kuma a bar wa Allah.

Na je birni, wani babban asibiti da aka ce an sayo masa na'urar awon ji. An saya kam, na gan ta da idona, tana cikin akwati ba a ɓare ba, masinja ya ɗora kwanon abincinsa a kai. Wai ɗakin da za a sa ta ba a gina ba tukuna.

A tashar Kazaure, ina dawowa rai a ɓace, na haɗu da Alhaji Modu na Babura, Babarbare mai fataucin kanwa, wanda na sha wanke wa kunne ba ya jin sauƙi. Ni Bafillace ne ta wajen uba, don haka tsakaninmu ba a gaisuwa sai an taɓa juna.

Ya ce, "Bawana, me ya cinye ka haka? Nono ya yi tsada?"

Na gaya masa, da ƙarfi, sau biyu. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce akwai irin na'urar a Damagaram, tsallaken iyaka, inda muke ce wa ƙasar Faransa, a wani asibitin 'yan mishan a bayan gari, kuma shi ma iyalinsa sun dame shi ya je. "Ka ɗauki mini jaka in kai ka."

Ranar Talata muka tashi. Na cusa sirinjina a ƙasan jaka, don na san in na bar shi Aminu zai kulle shi a kabad. Daga Kazaure zuwa Babura a-kori-kura muka hau, mu goma sha da yawa da buhunan gyaɗa da wani ɗan maraƙi da ya zaɓi ƙafata ya yi abin da ya yi. Direban ya ji an kira ni Dispensa, sai ya riƙa miƙo mini kunnensa ta taga yana tuƙi, wai in duba masa. Na ce ya duba hanya tukuna, in mun isa da rai na duba. A Babura muka sha fura a gidan Alhaji, furar Barebari, ruwa tsululu, sai ka yi nutso kafin ka gamu da gaya. Na faɗa masa. Ya ce bai ji ba. Na kasa gane ko irin nasa ne ko irin nawa.

Da hantsi muka isa iyaka a Babban Mutum. Ma'aikacin wajenmu bai ko tashi daga benci ba, ya ɗaga mana hannu yana cin rake. Da muka tsallaka kuwa, sai ga jandarma, wando a guge kamar wuƙa, ya jera mu a rana. Ya ce kardante, wato katin shaida. Na miƙa takardar aiki. Ya ce katin allura. Jama'a, ni da na yi wa rabin ƙasar Roni lamba a dantse, ba ni da katin allura. Aka kai ni gindin wata bishiya, wani ma'aikacinsu ya tsira mini allura irin ta jaki, bai ko ce sannu ba. Na ce masa hannunsa ya yi nauyi. Ya ce in na iya in yi wa kaina.

Sannan aka zazzage jakata, sirinji ya faɗo ƙasa, ƙwal. Jandarman ya ja da baya, ya kira babbansu, wani dogo mai gashin baki. Suka tsaya a kansa suna Faransanci. Alhaji Modu, maimakon ya cece ni, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ban san shi ba sosai, a hanya na tsince shi." Sai da na yi musu bayani da hannu da ƙafa. Da babban ya gane, sai ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce kunnensa na dama ya toshe tun damina. Na ce ya sa man gyaɗa, in mun dawo zan wanke masa. Nan take aka buga mana hatimi, har da sara mana.

Daga garin Magarya, gaba da iyaka, muka hau wata tsohuwar Landiroba da ake tayarwa da turi. Muka shiga Damagaram rana tsaka, muka wuce asibitin kai tsaye, muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe a ƙasar nan in rana ta take, kowa rufe ofis yake ya tafi gida ya kwanta, har likita, sai wajen la'asar a dawo. Kuma gwamnati ce ta yarda da haka. Na tsaya ina kallon ƙofar nan ina tunanin shekarun da na yi ina satar gyangyaɗi a kan benci kamar ɓarawo, ga mutane suna yi da izinin hukuma. Da aka buɗe aka ce masu awon kunne sai da safe.

Muka sauka a gidan fatoman Alhaji, wato mai masaukinsa, Malam Ari, a wani zaure da ke cike da buhunan kanwa, har numfashi gishiri-gishiri. Aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, in ka buga wa mutum sai an kai ku gaban alƙali. Aka kawo cuku, busasshen nono ne kamar fatar ganga, wannan kam na yaba. Sai shayi a ɗan kofin da bai fi na awon magani ba, ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓe na ajiye na yi godiya, aka ce ba a tashi sai an sha uku. A garinmu in ka ba baƙo abin sha a irin wannan kofi, sai an yi da kai har jikoki.

Da safe muka koma. Ɗakin awon yana can ƙarshen asibiti, nesa da hanya. A bakin ƙofa wani tsoho na zaune a kujera da farar riga da ta sha wanki, aikinsa kawai in wani ya ɗaga murya ya ce, "Shiit." Sunansa Isufu, suna ce masa Majo, wato babban ma'aikacin jinya. Da ya ji aikina sai ya matsa mini a benci. Ya ce shekara talatin shi ne mai kunne a asibitin nan. Da agogon aljihu yake awo: ya kanga wa mutum a kunne, ya riƙa ja da baya har ya ce ya daina ji. Sai Turawan mishan suka fara tattara kayansu za su miƙa wa gwamnati, kafin su tafi suka kawo na'ura, suka koya wa wata yarinya da ya yi wa rainon aiki da hannunsa.

Na ce, "Kai kuma ka yarda?"

Ya ce, "Da farko na ƙi. Wata uku ba na gaishe ta. To na'urar ba ta san ana fushi da ita ba." Ya ciro agogon ya nuna mini. "Yanzu da shi nake duba lokacin tashi."

Na dube shi, na ga kaina a kujerar bakin ƙofa ina cewa shiit.

Aka kira mu. Mai awon, yarinyar nan da Majo ya raina, sunanta Madam Zainabu, ba ta kai talatin ba, ba ta dariya. Ɗakin an lulluɓe bangonsa da katifu da barguna, in ka shiga sai ka ji kamar an binne ka. Da Alhaji aka fara. Ta sa masa wani abu mai murfi biyu a kunnuwa, ta ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ta zauna gaban na'ura, ta murɗa, ta ɗago ta dube shi. Alhaji ya ɗaga hannu. Ta rage, ta dube shi, ya ɗaga. Ta rage har ƙasa, inda ko kare ba zai ji ba, ta dube shi, ya ɗaga har da jinjina. Sai ta kashe na'urar gaba ɗaya ta dube shi. Alhaji ya ɗaga hannu biyu.

Ta cire masa abin ta ce, "Baba, me ka ji?"

Ya ce, "Ban ji komai ba, 'yata."

"To don me kake ɗaga hannu?"

Ya ce, "Ke kina ta wahala a kaina, ki dube ni, in zauna kamar dutse? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Ta ce ya juya ya fuskanci bango. Ya ce shi bai taɓa ba mai yi masa magani baya ba. Sai da Majo ya shigo ya lallashe shi da Barbarci. Da ya juya, hannun nan bai ƙara tashi ba sai da na'ura ta kai inda ni ma daga gefe nake jin ta.

Na yi ta dariya a ciki, don ni na zo da dabarata: zan riƙa kallon yatsanta. Sai ta ce, "Kai ma bango. Ku mutanen Najeriya duk haka kuke, ko ladabi ko wayo."

Ta fara da dama. Ƙara siririya kamar kukan sauro, na ɗaga. Ta rage, na ɗaga. Na ce a raina, Aminu, ka shiga uku. Ta ce saura hagu. Na gyara zama. Na jira. Ina kallon bargon bango, har na ƙirga ɗinkin da ke jikinsa. Shiru. Na ce watakila wuta ce ta ɗauke, ko ta fita. Da na gaji na juyo na ce, "Madam, na'urarki ta mutu."

Sai ta nuna mini allurar na'urar tana can sama tana rawa. Ta zare murfin daga kunnena na hagu ta mayar dama. Ƙarar da ta doke ni sai da na zabura daga kujera.

Ta ɗauko 'yar tocila, irin wadda na jefa a durowa sak, ta leƙa. Ta ce dodon kunnen ya huje tun da daɗewa, kuma ciwo ya ci abin da ke bayansa. Ta ce, "Ka taɓa yin ciwon kunne aka harba maka ruwa da ƙarfi?"

Na ce, "An taɓa."

"Wane jahili ne ya yi maka?"

Majo na tsaye a bakin ƙofa, ya san amsar, ya duƙar da kai yana goge agogonsa. Na ce wani ne a garinmu, ya tsufa yanzu. Shekara tara ke nan, da damina, kunnen yana ruwa, na tsaya gaban madubi na yi wa kaina. Na tuna zafin. Na ɗauka alamar magani ya kama ne.

Muka kamo hanyar dawowa. Abin da ya riƙa zuwa mini shi ne uwargidana Hajara. Shekaru ke nan ina cewa matar nan ta rage surutu, har ina yaba mata a gaban mutane, ina cewa girma ya zo mata. Ashe ta hagu take zama in ina cin abinci. Allah kaɗai ya san abin da ta gaya mini a shekara tara. Alhaji ya lura, ya ce, "Bawana, kai ɗaya ka rasa kake wannan fuska? Ni biyu na rasa, ga ni ina cin kasuwa. Abin da mutane ke faɗa ma rabinsa bai cancanci kunne ba."

A iyaka mai gashin baki yana jira, ya sha man gyaɗa har yana bin wuyan rigarsa. Na ciro sirinji na cika. Sai hannuna ya tsaya. Na ce a ara mini tocila. Na ja kunnen na leƙa iya abin da ido zai gani, na tambaye shi ko ya taɓa ruwa, ko yana zafi, ya ce a'a, sannan na harba a hankali. Abin da ya fito ya kai ƙwallon dabino. Wannan ban so rubutawa ba, don na san za a kai wa Aminu, amma haka aka yi.

Saura kwana biyu wata ya ƙare na kai takardar ofis a Kazaure. Da Faransanci take, hatimi uku, na sa rai ba mai iya karantawa, za a ga hatimi a rufe fayil. Aminu ya juya ta, ya wuce rubutun, ya tsaya a kan wani zane mai layi biyu. Ashe wannan ba ya bukatar yare. Layi ɗaya na tafiya a sama, ɗayan ya gangara kamar an ture shi daga dutsen Kazaure.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba Garba, ka yafe mini. Wallahi na ɗauka raina ni kake yi. Na rubuta takardar nan ne don in tsorata ka, ashe da gaske lalura ce."

Na rusuna. Ban gyara masa zance ba.

Ya ce, "Ba maganar ritaya. Mai kunne ɗaya yana aiki, doka ta yarda. Kuma na daman nan, ka ga layinsa, ya fi nawa." Ya ɗauki biro ɗaya cikin ukun ya rubuta a bangon fayil ɗina da manyan baƙaƙe, ya karanta mini: duk mai ba wannan ma'aikaci umarni ya tsaya ta damansa.

To kun ji. Aiki yana nan, 'ya'ya za su ci tuwo, masu jiran kujerata su ƙara haƙuri. Amma yanzu duk ranar Litinin sai babur ja ya tsaya a bakin dispensare, Aminu ya shigo ya gaishe ni da ladabi, ya zagayo ta damana, ya sunkuyo ya faɗi dokarsa dalla-dalla, sannan ya ce, "Baba, ka ji?"

In ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Shekara ashirin da biyu ban taɓa faɗa wa babba wannan kalma ba. Wanda ke da sauran tambaya ya zo ta hagu.